Rina manemin DNA da rini mai ƙyalli: tambayoyi da amsoshi daga kan bencin aiki

Duk wanda ya taɓa shafe kwana biyu yana haɗa manemin DNA, ya shiga ɗakin duhu, ya leƙa maikroskof bai ga komai ba sai baƙi ƙirin, ya san irin ɓacin ran da ke cikin wannan aiki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da sababbin ma'aikata suka fi maimaita mini. Abin da na lura da shi shi ne, da zarar haske bai fito ba sai mutum ya ɗora wa rinin laifi, ya ce zai ƙara yawansa ko ya sayo wani, alhali tun daga ranar farko har zuwa kan gilashi bai auna komai ba. Shi ya sa za ka ga kusan kowace amsa tana mayar da kai ga jel, inda ake ware DNA bisa tsawonsa, ko na'urar auna haske, ko launin abin da ya kwanta a gindin bututu.

Mene ne manemin DNA, kuma me ya kawo rini cikin zancen?

DNA zare biyu ne da ke riƙe da juna ta haruffa huɗu: A na kama T, G na kama C. Idan ka ɗauki guntun zare ɗaya da ka san jerin haruffansa, ka sake shi cikin samfur, ba zai zauna daram ba sai inda jerin ya dace da nasa. Wannan guntun shi ne manemi, a ɗakin gwaji kuma furob ake ce masa. Sai dai DNA ba shi da launi, don haka ko ya sami wurinsa ba ka da hanyar sani. Dole a rataya masa alama.

A 1969 Joseph Gall da Mary Lou Pardue, a Jami'ar Yale ta Amurka, sun yi hakan da sinadarai masu fitar da burbushin nukiliya, aikin da kan sa a jira kwanaki ko makonni kafin hoto ya fito. A farkon shekarun 1980 ɗakin binciken David Ward, shi ma a Yale, ya kawo harafin da aka rataya wa bayotin, daga nan hanyar da ake kira FISH, wato gano wurin wani jeri a jikin kuromosom cikin tantani da manemi mai ƙyalli, ta bunƙasa. Rini mai ƙyalli yana shan haske mai gajeren zango ya mayar da wani mai ɗan tsawon zango, kamar ka haska shi da shuɗi ya ba ka kore. Da shi ake ganin haɗewar ƙwayoyin halitta BCR da ABL tsakanin kuromosom na 9 da na 22 a wata cutar dajin jini, da shi kuma ake ƙirga kwafin HER2 a kuromosom na 17 a dajin mama.

Hanyoyin rinawa suna da yawa. Wacce zan bi?

Girman DNA ɗin da ke hannunka shi zai zaɓa maka. Idan babba ne, kamar BAC mai haruffa dubu 100 zuwa dubu 200 ko filasmid, wato DNA ɗin da ake ninkawa a cikin bakteriya, hanyar tsaga da ɗinki ta fi dacewa, wadda ɗakin binciken Paul Berg ya bayyana a 1977. Inzayim biyu, wato furotin masu yanka ko gina zare, ne ke aiki tare: DNase I yana yi wa zaren ƙananan tsagogi, folimares I na E. coli yana bin tsagar yana cire tsofaffin haruffa yana ɗinka sababbi, daga cikinsu har da masu rini. Yawanci maikrogiram 1 na DNA ake sawa a cikin maikrolita 50. Amfaninta na biyu shi ne tana yanka DNA ɗin zuwa tsawon da FISH ke so.

Idan DNA ɗin kaɗan ne, nanogiram 25 zuwa 100, sai a bi hanyar firaima barkatai ta Feinberg da Vogelstein, ta 1983, firaima kuwa shi ne guntun zaren da inzayim ke fara gini daga kansa. Ana tafasa DNA minti 5 a raba zaren, a tsoma bututun cikin ƙanƙara nan take, a zuba gajerun firaima masu haruffa 6 zuwa 9 da ke kama ko'ina, sannan inzayim Klenow ya gina sabon zare a digiri 37. Idan kuwa yankin da kake nema gajere ne kuma kana da firaimarsa, PCR, hanyar ninka yanki guda na DNA, ta wadatar, ka sa harafi mai rini cikin haɗin. Ga gajeren manemi na haruffa 20 zuwa 50, ko dai inzayim TdT ya ɗora masa rini a wutsiyar 3', ko kuma, abin da na fi ba da shawara, ka yi odarsa da rininsa tun daga inda ake ƙera shi, a tace shi da na'urar HPLC.

Akwai kuma hanyoyin da ba sa buƙatar inzayim. ULS na amfani da sinadarin filatinom ya manna rini a kan harafin G cikin kusan rabin awa a wuri mai zafi. Ban cika binta don FISH ba sai DNA ɗin ya riga ya zama guntaye, domin ita ba ta yanka komai.

Me ya bambanta sa rini kai tsaye da bin mataki biyu?

A hanyar kai tsaye, harafin dUTP, mai zama a gurbin T, yana zuwa da rininsa a rataye, inzayim ya ɗinka shi haka nan. Sauƙi gare ta, amma rinin ƙato ne idan aka kwatanta da harafin, inzayim kuma yana ƙyamar ƙaton kaya. Ba ma daidai yake ƙyamarsu ba: ya fi karɓar rinin Cy3 a kan na Cy5. Wannan ne ya sa masu aikin maikro'are, wato gilashin da aka jera wa dubban guntayen DNA, suka saba maimaita gwaji su musanya launukan tsakanin samfura biyu, don kada son kan inzayim ya zama kamar sakamako.

A mataki biyu, da farko ana ɗinka aminoalil-dUTP, wanda ɗan ƙaramin maratayi kawai yake ɗauke da shi. Inzayim ba ya damuwa da shi sosai. Bayan an tsaftace DNA ɗin sai a kawo rinin da aka ɗaura wa NHS-esta, wani sinadari mai aiki kamar ƙugiya, ya kama maratayin. Rinin ya fi shiga da yawa, ya fi shiga daidai ko wane launi ne, kuma ya fi araha idan aikin na da yawa. Kuɗin da kake biya shi ne ƙarin tsaftacewa, da kuma halin NHS-esta na rashin jure ruwa, wanda zan zo kansa.

Malam, idan na ƙara yawan rinin ai hasken zai ƙaru, ko?

Zuwa wani mataki, i. Bayan nan raguwa zai yi, kuma wannan ce tambayar da na fi so kowa ya fahimta tun kafin ya taɓa fifet. A marina, yawan tsoma zane cikin baba shi ke ƙara masa duhu. Rini mai ƙyalli ba ya bin wannan ƙa'ida, saboda dalilai uku da ke haɗuwa.

Tsakanin harafi da harafi a jikin DNA nanomita 0.34 ne kacal. Ƙwayoyin rini biyu kuwa, idan tazararsu ta gaza 'yan nanomitoci, suna miƙa wa juna ƙarfin hasken da suka sha, ko su manne da juna, sai ƙarfin ya tafi a zafi maimakon ya fito a haske. Ka sa rini kowane harafi 5 ko 8, za ka sami bututu mai kyan launi a ido, amma dushi-dushi a ƙarƙashin maikroskof.

Na biyu, kowane rini cikas ne ga haɗuwar zare da zare. Manemin da aka cika wa kaya ba ya riƙe abokinsa da ƙarfi, don haka wankin da aka tsara don cire wanda ya manne a inda bai dace ba zai tafi har da shi. Na uku, yawancin rinukan nan ba sa son ruwa. Idan suka yi yawa sai manemin ya zama mai danƙo, ya riƙa manne wa gilashi da furotin, hazo ya cika bango.

Wurin da aikin ya fi kyau ga dogon manemi shi ne rini 1 a kowane harafi 20 zuwa 40 ko 50. Idan ka wuce harafi 100 kafin rini guda, hasken zai yi rauni. Idan ka matsa ƙasa da 15, ka shiga yankin da rini ke kashe ɗan'uwansa. Dubi ma yadda ake gano ƙwayar RNA guda ɗaya a cikin tantani: Arjun Raj da abokan aikinsa a 2008 sun yi amfani da gajerun manema kusan 48, kowanne da rini guda tak, suka jeru a jikin RNA ɗin. Yawan manema ne ya ba da hasken, kowanne kuma yana da sarari.

To yaya zan san rini nawa ya shiga?

Da awo biyu a na'urar auna haske, bayan ka tsaftace manemin sarai. Ka auna a nanomita 260, inda DNA ke shan haske, sannan a zangon da rinin ya fi sha: 550 ga Cy3, 650 ga Cy5, 495 ga Alexa Fluor 488. Shi ma rinin yana ɗan sha a 260, don haka sai an cire rabonsa. Ga Cy3 ana ninka awonsa da 0.08, ga Cy5 da 0.05, ga Alexa Fluor 488 da 0.3, a debe daga awon 260.

Ga misali da Cy3. A ce ka sami 0.50 a 260, da 0.30 a 550. Rabon rini a 260 shi ne 0.30 sau 0.08, wato 0.024, saura 0.476 na DNA zalla. Ƙarfin shan haske na Cy3 150,000 ne, na harafi guda a DNA mai zare biyu kuwa 6,600. Ka ninka 0.476 da 150,000, ka sami 71,400. Ka ninka 0.30 da 6,600, ka sami 1,980. Raba na farko da na biyu ya ba ka 36: rini 1 a kowane harafi 36. Wannan manemi ne mai kyau. Da Cy5 ne sai ka sa 250,000, da DNA mai zare ɗaya ne sai ka sa kusan 8,900 a madadin 6,600.

Abu biyu ke ɓata lissafin nan. Na'urar ba ta bambanta rinin da ya kama DNA da wanda ke yawo sake a cikin ruwa, saboda haka manemin da ba a tace da kyau ba zai nuna maka adadi mai daɗin ji wanda ba gaskiya ba ne. Sannan idan awon ya yi ƙasa ƙwarai, kamar 0.01, kuskuren na'urar ya kai girman abin da kake aunawa. Ka rage ruwan ka sake awo, kuma ka saita sifili da ainihin bafar, wato ruwan sinadarin, da manemin ke ciki.

Wane rabo zan sa tsakanin dUTP mai alama da dTTP?

Su biyun wuri ɗaya suke takara a kai, duk inda zaren ke buƙatar T. Da rabonsu ake juya yawan rini sama ko ƙasa. Ga dUTP mai rini kai tsaye, kashi 1 nasa da kashi 2 ko 3 na dTTP wuri ne mai kyau na farawa. Aminoalil yana jure fiye da haka, daga 2 da 3 har zuwa 4 da 1. A PCR an fi buƙatar taka-tsantsan, domin zaren da aka rina a zagayen farko shi ne inzayim zai karanta a zagaye na gaba, kuma idan kaya sun yi masa yawa sai amfanin ya faɗi.

Kada ka karɓi rabon kowa a matsayin hukunci. DNA mai yawan A da T zai sha rini fiye da mai yawan G da C a rabo iri ɗaya. Ka haɗa ƙananan bututu uku da rabo uku, ka auna kowanne, ka gwada su a gilashi ɗaya a rana ɗaya. Aikin yini guda ne, kuma zai yi maka amfani muddin kana kan wannan DNA ɗin.

Me ya sa ake nacewa a kan tsawon guntaye?

Domin manemin sai ya ratsa cikin tantani da cunkoson kuromosom kafin ya kai inda za shi. Tsawon da ake nema ga FISH shi ne haruffa 200 zuwa 500. Wanda ya wuce 1,000 ba ya shiga da kyau, yana taruwa a waje, ka ga ɗige-ɗige masu haske warwatse kamar an watsa gero. Wanda ya gaza 100 kuma ba ya riƙo, ko ya manne ko'ina.

DNase I ne ke yanke wannan hukunci, shi ne kuma mafi saurin canza hali a cikin kayan aikin. Sabon bututu ya fi tsoho kaifi. Ka sirka shi sabo a cikin sanyi, kada ka girgiza shi da na'ura. Bayan minti 90 a digiri 15 sai ka ɗora haɗin a kan ƙanƙara, kada ka kashe shi tukuna. Ka ɗebi maikrolita 5, ka dafa shi ɗan lokaci don zaren ya rabu, ka gudanar da shi a jel na agaros kashi 2 cikin 100 tare da ma'auni. Idan shafin DNA ɗin ya tsaya sama da 500, ka ƙara ɗan DNase ka mayar na minti 15 zuwa 30. Sai ya sauko inda kake so sannan ka zuba EDTA ka ɗumama a digiri 65 na minti 10 don kashe inzayim ɗin. Wanda ya yanke fiye da kima ba shi da gyara, shi ya sa ake lallaɓawa.

Dole ne digiri 15 ɗin nan?

Dole ne. A sama da haka folimares kan juya ya kwafi zaren da ya gama ginawa, ya haifar da guntaye masu naɗe kansu, DNase kuma ya ƙara gudu. Kada ka dogara da kwanon ruwa da ƙanƙara a ɗaki mai zafi. Ka saita na'urar PCR a 15, ka kashe zafin murfinta. Haka kuma duk inda takardar aiki ta ce zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 25 take nufi. Ɗakin da ba na'urar sanyaya iska a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi ya zarce wannan nesa ba kusa ba.

Na yi mataki biyu, amma dunƙulen DNA ya fito fari fat. Me ya faru?

Dunƙulen da ya sha Cy3 ruwan hoda yake fitowa, na Cy5 shuɗi. Kana ɗaga bututun ka kalli gindinsa a jikin farar takarda za ka gani, ko da bai fi kan allura ba. Idan fari ne, rinin bai kama ba, kuma kusan kullum ɗayan abu uku ne.

Na farko Tris, sinadarin da ake haɗa bafa da shi. NHS-esta duk wani amin da ya gani, wato irin sinadarin da ke jikin maratayin, kamawa yake yi, bai san na DNA ɗinka daban ba. Tris yana da amin, kuma yana cikin bafar TE, yana cikin bafar inzayim, yana cikin ruwan wanki da na fitarwa na yawancin bututun tacewa. Haka ma gishirin amoniyom da gilaisin, da ragowar aminoalil-dUTP da bai shiga zare ba. Kowannensu zai shanye rinin kafin ya kai ga DNA. Kafin haɗawa da rini, ka yi wanki da bafar fosfet ko itanol kashi 80 cikin 100, ka fitar da DNA da ruwa zalla, kuma idan za ka kwantar da shi ka yi da sodiyom asitet.

Na biyu pH. Maratayin ba ya karɓar rini sai a wajen 8.3 zuwa 9, shi ya sa ake amfani da sodiyom bayikabonet mai ƙarfin mola 0.1. Amma a wannan pH ɗin ruwa ma yana cin NHS-esta da sauri: a pH 7 cikin ƙanƙara rabinsa kan lalace cikin awa 4 zuwa 5, a pH 8.6 kuwa cikin kusan minti 10. Tsere ne tsakanin DNA da ruwa, don haka ka rage ruwan haɗin iyakar iyawarka, maikrolita 10 ya isa, ka bar shi awa 1 a cikin duhu. Bafar bayikabonet kuma tana canza pH idan ta daɗe, ka haɗa sabuwa ko ka raba ta ƙanana ka daskarar.

Na uku laima, kuma wannan na gan shi da idona. Wata damina muka yi kusan mako uku kowane dunƙule na fitowa fari. Mun canza bafa, mun canza inzayim, ba abin da ya sauya. Ranar da na tsaya na kalli yadda ake buɗe rinin, sai na ga ana ciro kwalbar daga firiza a buɗe ta nan take. Kafin a ɗebi abin da za a ɗiba, raɓa ta riga ta kwanta a jikin kwalbar ciki da waje, kamar kofin ruwan sanyi. Kowace buɗewa tana kashe wani kaso. Tun daga ranar, kwalba sai ta yi minti 20 zuwa 30 a rufe cikin duhu ta daina sanyi kafin a taɓa murfinta. Ana narka rinin da DMSO marar ruwa, shi ma daga ƙaramar kwalbar da ba a daɗe da buɗewa ba domin yana jan laima daga iska, a raba shi kashi-kashi na amfani ɗaya, a busar, a ajiye tare da sinadarin tsotse laima.

Wace hanyar tsaftacewa ta fi?

Ga dogon manemi, bututun Sephadex G-50 ko na silika yana raba shi da sakakken rini da kyau. Ga gajere na haruffa 20 zuwa 30, G-25 ko HPLC, domin bututun silika na yau da kullum yana zubar da gajerun zare. Kwantarwa da itanol, wato sodiyom asitet mola 0.3 da ninki 2.5 na itanol mai sanyi, tana da kyau wajen tattara manemi, amma ita kaɗai ba ta cika cire duk sakakken rini ba. Bayan haɗi da NHS-esta nakan yi biyun. Idan kana shakka, ka gudanar da kaɗan a jel ba tare da ka sa masa wani rinin DNA ba, ka haska: manemin zai fito a shafe a wurinsa, sakakken rini kuma ya taru can gaba a dunƙule.

Wane rini zan zaɓa?

Ka fara da duba matatan hasken da ke jikin maikroskof ɗinka, ka rubuta lambobinsu, sannan ka buɗe kundin kamfani. Rini mafi tsada ba shi da amfani idan matacinka bai dace da zangonsa ba.

Fuloresin, wanda ake kira FITC ko FAM, kore ne, yana sha a wajen 495 ya fitar a 520. Yana da araha, amma yana saurin koɗewa, kuma haskensa na faɗuwa idan pH ya sauka ƙasa da 7. Alexa Fluor 488, na kamfanin Molecular Probes da Richard Haugland ya kafa, launi ɗaya ne da shi amma ya fi shi juriya ta fuskokin biyu. Cy3 da Cy5 sun fito ne daga aikin Alan Waggoner a Jami'ar Carnegie Mellon. Cy3, mai fitarwa a 570, shi nake fara ba sabon ɗalibi, don yana da haske kuma yana da haƙuri. Cy5 yana fitarwa a 670, inda idon mutum ba ya gani sosai, sai da kyamara. Na sha ganin wanda ya zubar da gilashi mai kyau don ya leƙa da ido bai ga Cy5 ba.

Idan nama ne da aka adana da fomalin, shi kansa yana ƙyalli a ɓangaren kore, musamman inda jini yake, don haka ja ya fi fita. Idan launuka biyu ko uku za ka haɗa, ka ba ƙaramin wuri rini mafi haske, ka ba babban wuri irin santiromiya, ƙugun kuromosom, rini mai rauni.

Me ke sa Cy5 ɓacewa bayan an wanke gilashi an busar?

Iskar ozon. A 2003 masu aikin maikro'are suka nuna cewa ozon kaɗan, kashi 5 zuwa 10 cikin biliyan, yana lalata Cy5 da Alexa Fluor 647 cikin daƙiƙoƙi idan gilashin yana bushewa a sarari, Cy3 kuwa bai cika damuwa ba. Abin ya fi tsanani da rana tsaka a lokacin zafi a gari mai hayaƙin motoci, da kusa da fitilar UV ko injin kwafi. Kada ka bar gilashi a bushe a buɗe: ka ɗiga ruwan hana koɗewa ka rufe da murfin gilashi nan da nan. Ka kuma duba abin da ke cikin ruwan hana koɗewar, domin mai sinadarin PPD ba ya jituwa da wasu rinukan Cy, mai DABCO ya fi zama lafiya da su.

Awo ya yi kyau, tsawo ya yi daidai, amma hazo ya rufe komai. Ina matsalar?

A nan ka bar zancen rini ka koma kan haɗuwa da wanki. Kusan rabin DNA ɗin ɗan'adam jeri ne mai maimaituwa, irin su Alu, kuma duk babban BAC yana ɗauke da su. Idan ba ka toshe su ba manemin zai rina kowane kuromosom. Ana kwantar da manemin tare da Cot-1 DNA, wato tarin jeri masu maimaituwa marasa rini, ninki 10 ko fiye, a narka a bafar haɗuwa mai fomamayid kashi 50, dekstiran salfet kashi 10 da ruwan gishiri na 2×SSC, a raba zaren a digiri 75, sannan a bar shi a 37 na minti 30 zuwa 60 don masu maimaituwa su kama juna tun a bututu. Dunƙulen ba ya saurin narkewa a wannan bafa mai kauri, ka ba shi lokaci.

A wanki, 0.4×SSC a digiri 72 na minti 2 shi ne abin da aka saba. Ka sa ma'aunin zafi a cikin kwalbar wankin kanta, kada ka yarda da lambar da ke jikin kwanon ruwa, kuma kada ka tsoma gilasai fiye da 4 a lokaci guda, kowanne yana sauke zafin. Fomamayid yana cutar da ɗan tayi, a yi aikinsa a ƙarƙashin na'urar zuƙe iska da safar hannu, mai juna biyu kuma ta bar wa wani wannan mataki.

Idan kuma ba hazo ba haske, ka sa manemin santiromiya da ka tabbatar yana aiki a gilashi na biyu. In shi ma bai fito ba, laifin na shirin gilashi ne ko fitila. Fitilar makuri takan gaji bayan awa 200 zuwa 300.

Duk wannan ya shafi manemin qPCR, wato PCR ɗin da ake auna haskenta tana cikin gudana?

Wani ɓangare. Shi rini guda yake ɗauka a kan 5', da makashin haske a wutsiyar 3', kuma sayo shi ake yi a haɗe. Abin da ke hannunka shi ne tsari. Kada harafin farko kusa da FAM ya zama G, domin G yana dushe shi ko bayan inzayim ya yanke manemin a lokacin PCR. Zafin narkewarsa ya ɗara na firaima da digiri 8 zuwa 10. Makashin ya dace da launin: BHQ-1 ga FAM da HEX, BHQ-2 ga ROX da Cy5. Ka gwada ƙarfinsa tsakanin nanomola 100 da 250. Wani nau'in, mai naɗewa kamar ƙugiya wanda Tyagi da Kramer suka ƙirƙiro a 1996, shi ne a cikin kwanson Xpert MTB/RIF da asibitocinmu suka shafe shekaru suna gwajin tarin fuka da shi: manema 5 ne ke duba yanki mai haruffa 81 a jikin ƙwayar halittar rpoB, inda juriyar maganin rifamfisin ke ɓuya.

Yaya zan ajiye manemi, musamman inda wuta ba ta tsayawa?

A digiri 20 ƙasa da sifili, cikin duhu, a bututu mai launin ƙasa ko wanda aka naɗe da takardar alminiyom. Na FAM ya fi son TE mai pH 8, na Cy3 da Cy5 kuwa kusa da 7, domin alkali yana cin su a hankali. Abin da ya fi lalata manemi shi ne narkewa da sake daskarewa, kuma firizar da wuta ke ɗaukewa tana yi maka wannan da dare ba ka sani ba. Ka raba manemin kashi-kashi na amfani ɗaya ko biyu, ka sa akwatin a can ƙasa tsakanin robobin ƙanƙara, nesa da ƙofa. Ka daskarar da ruwa rabin ƙaramin bututu, ka kifa shi a cikin akwatin: ranar da ka tarar ƙanƙarar ta koma wajen murfi, ka san an narke. Wanda ba za ka taɓa ba sai bayan watanni, ka busar da shi gaba ɗaya, busasshen DNA ya fi jure irin wannan hawa da sauka. A jikin kowane bututu ka rubuta ranar haɗawa, tsawon guntaye da adadin haruffa a kowane rini, don in haske ya ragu bayan wata shida ka sake aunawa ka kwatanta da lambar farko.